Albam ɗin tsofaffin hotunan gida: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Yau na fara. Abin da nake so shi ne albam mai shafi 24 na tsofaffin hotunan gidanmu, kuma takardar bangon kowane shafi, wato wadda hotunan za su zauna a kanta, ni zan zana ta da kaina a kwamfuta. Takardun ado da ake sayarwa an yi su ne don su ja idon mai saye, shi ya sa launinsu ke da ƙarfi, furanninsu manya-manya. Ka ɗora ɗan tsohon hoto da ya koɗe a kai, sai takardar ta cinye shi, ido ya tafi kan fure ya bar fuskar mutum. Ni kuwa fuskokin nake son a gani.

Manhajar da zan yi aiki da ita GIMP ce, sigar 3.0 da ta fito a watan Maris na bana. Kyauta ce, kuma a wannan sigar yawancin tacewa, wato gyaran kamanni, da ka yi wa leya (ɗaya daga cikin shimfiɗun da ake ɗora wa juna su haɗu su zama hoto) tana zama a gefe, kana iya komawa ka gyara ta ko ka kashe ta ba tare da ka taɓa ainihin hoton ba. Ga aikin da zai ɗauki makonni wannan babban sauƙi ne.

Girman shafi: inci 12 a tsaye, 12 a kwance, wanda shi ne girman da aka fi sabawa da shi a irin wannan albam. A ɗigo 300 cikin kowane inci, ya kama fiksel 3600 kowane gefe. Na ƙara rarar yanka, kashi ɗaya bisa takwas na inci a kowane ɓangare, wato milimita 3 da ɗan ɗoriya, sai fayil ɗin ya zama 3675 sau 3675. Amfanin rarar shi ne idan wuƙar yanka ta ɗan kauce, ba za a ga farin layi a bakin shafi ba. Na ja layukan jagora a inda za a yanke, na ja wasu rabin inci daga ciki, kuma ba rubutu ba fuska da za ta ƙetare waɗannan na cikin. Na adana shi a XCF, nau'in fayil na GIMP mai riƙe leyoyi, a matsayin uwar fayil, duk shafi daga kwafinsa zai fito.

Talata, 9 ga Satumba

Aikin sikana. Yawancin hotunan suna cikin tsohon albam irin mai shafi mai danƙo da leda a sama. Danƙon ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ya bar layi-layi a bayan hotunan, wasu kuma sun manne kam. Da na ɗaga kusurwar ɗaya na ji takardar bayansa tana shirin rabewa, sai na tsaya. Abin da ya yi aiki shi ne zaren sakace haƙori marar kakin zuma: a zura shi ƙarƙashin kusurwa, a riƙa jan sa hagu da dama a hankali yana tafiya a kwance. Waɗanda suka ƙi, na bar su a shafinsu na yi sikanin shafin gaba ɗaya. Babu hoton da ya cancanci a yaga shi don a samu sikani mai tsafta.

Ina yi a ɗigo 600, ina adanawa a TIFF, nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci. Hoto mai inci 4 da 6 yana fitowa da fiksel 2400 da 3600, ke nan zan iya ninka girmansa sau biyu a shafi ya tsaya a ɗigo 300. Na kashe duk gyaran da sikanar ke yi da kanta, na kaifafawa da na launi, don gara in yi da hannuna ina gani.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne bayan hotunan. Da yawa akwai rubutun hannun marigayi Baba, shekara da sunan wanda ke ciki, da biro shuɗi da ya fara dusashewa. Na yi sikanin su duka. Wannan rubutun zai shiga cikin takardar bango.

Asabar, 13 ga Satumba

Sikani da sa wa fayiloli suna, shekara a gaba sannan lamba, don su jeru da kansu. Na kwafe komai a wuri na biyu.

Lahadi, 14 ga Satumba

Takardar bango ta farko, kuma a nan na sha wuya. Na yi sikanin wani tsohon ƙyalle mai ƙananan ganye, na yanko murabba'i daga ciki, na cika shafi da shi. Nan take gaɓoɓin suka fito ɓaro-ɓaro, shafin ya zama gida-gida, ana ganin inda kowane murabba'i ya ƙare wani ya fara.

Matsala biyu ce a haɗe, kuma sai da na raba su kafin in gane. Ta farko, ganyen da ya yanke a gefen dama ba ya haɗuwa da na gefen hagu. Maganinta sananne ne: a gusar da leyar da rabin faɗi da rabin tsayi, a bar abin da ya fita ta wannan gefe ya shigo ta wancan. A GIMP, Shift da Ctrl da O ne ke buɗe wurin, har akwai maɓallin da ke lissafa rabin da kansa. Idan aka yi haka gefunan huɗu suna dawowa tsakiya su yi alamar giciye, sai a bi giciyen da alƙalamin kwafi da na faci ana haɗa ganye da ganye, ba tare da an taɓa sabon bakin ba. Akwai tacewa da ke yin wannan da danna ɗaya, amma narkar da gefuna take yi cikin juna, ganyen ya fito biyu-biyu kamar an ɗauki hoto hannu na rawa. Ga zane mai kaushi kawai, irin na yashi ko takarda, tana da kyau. Ga zane mai siffa, aikin hannu ne.

Ta biyu ita ce ta fi ɓoyewa. Ko bayan ganyen sun haɗu, shafin bai daina nuna gida-gida ba. Ashe ƙyallen bai kwanta daidai a kan gilashi ba, kusurwa ɗaya ta fi sauran haske kaɗan, abin da ido ba ya kamawa a murabba'i ɗaya, amma idan ya maimaitu sau 49 sai ya zama zane na kansa. Na kwafi leyar, na dusar da kwafin sosai har ganyen suka ɓace saura haske da duhu kawai, na juya launinsa, na ɗora a sama da rabin ƙarfi don ya cike bambancin. Daga nan hasken ya daidaita.

Murabba'in na mai da shi fiksel 525, don ya shiga 3675 sau bakwai cif. Sannan na sauke kowane layi na biyu da rabin tsayi, dabarar da masu zanen yadi da takardar manna wa bangon ɗaki suka daɗe suna yi, don kada ganye iri ɗaya su jeru a miƙe ido ya bi su. Hanyar da na samu ta gwaji: a rage shafin ya zama ɗan ƙarami a allo, a ja baya a kalla. Duk aibin maimaici a nan yake tona kansa, ba a kusa ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Gyaran launi. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 kusan duk sun koma ja-ja, saboda a cikin rinin uku da ke takardar hoto, mai launin shuɗi-kore ne ya fi saurin gudu a irin waɗannan, ya bar sauran biyun. Ina buɗe ma'aunin haske, in ɗauki ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, in jawo alamar baƙi da ta fari zuwa inda tudun kowanne ya fara a zanen da ma'aunin ke nunawa. Wannan kaɗai yana dawo da mafi yawan abin da ya ɓata. Ba na kai su har su zama kamar an ɗauka jiya. Ɗan ɗumin tsufan nan na barin sa, ƙura da karce kawai nake cirewa, su ma a leya dabam.

Laraba, 24 ga Satumba

Kwamfutar ta fara nauyi, jan alƙalami ɗaya sai na jira kafin ya bayyana. Na yi lissafi: fiksel 3675 sau 3675 kusan miliyan 13 da rabi ne, kowanne yana cin bayit huɗu, ke nan leya ɗaya mai cika shafi ta kai megabayit 54 a ƙwaƙwalwa, ban da tarihin komawa baya da manhajar ke riƙewa. Shafin da nake kai yana da leya fiye da talatin, har da na takardar bango.

Na raba aikin biyu. Takardun bango suna da nasu fayil, idan na gama ɗaya in fitar da ita a PNG, fayil ɗin hoto marar leyoyi, ta shigo shafi a matsayin leya guda. Ƙananan abubuwa kuma ina yanke leyarsu daidai girmansu, maimakon ɗan rubutu ya riƙe fili mai girman shafi. Nauyin ya tafi.

Lahadi, 28 ga Satumba

Gwajin bugu na farko, kuma ya mai da ni baya sosai.

Da farko dai girman. Inci 12 milimita 304.8 ne, faɗin A3 kuwa 297, saboda haka ko firinta mai ɗaukar A3 ba za ta fitar da shafin a cike ba, sai mai ɗaukar A3+, wato inci 13 da 19. Tawa A4 ce. Na ɗan yi tunanin komawa inci 8 da 8, wanda ke shiga A4 da ƙyar, milimita 203 cikin 210, amma babu wurin rarar yanka, kuma hotunan taro masu mutum goma sha za su matse. Na tsaya a 12. Bugun ƙarshe maɗaba'a za ta yi, a gida gwaji kawai zan riƙa yi. Kuma gwajin ba na ƙanƙanta shafi ya shiga A4 ba ne, don hakan yana ɓoye komai. Ina yanko yanki daga shafin, in buga shi a ainihin girmansa.

Abin da ya fito: duhu. Takardar ganyen da nake gani a allo ruwan ƙasa mai taushi ta fito kamar laka, rigar Baba baƙa ta haɗe da inuwar bayansa babu iyaka tsakaninsu. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai abin da hasken ɗaki ya ba ta, kuma allona yana kan cikakken ƙarfinsa. Masu aikin bugu kan sa hasken allonsu tsakanin kandela 80 zuwa 120, ma'aunin ƙarfin haske ke nan. Ba ni da na'urar aunawa, don haka na ɗauki farar takarda na riƙe kusa da allon a hasken rana, na yi ta rage haske har farin biyun suka yi kusa. Ya sauka ƙasa da rabi. Da na sake buɗe shafukan a haka, sai na ga duhun da firinta ta gani, na ɗaga tsakiyar haskensu ɗaya bayan ɗaya.

Sai takarda. Ta ofis mai giram 80 ta sha tawada ta yi kumburi, ta lanƙwashe tun kafin ta gama fitowa. Na koma mai giram 200 marar sheƙi, na kuma gaya wa firintar nau'in takardar a saitinta, don da wannan take auna yawan tawadar da za ta zuba. Bambancin ya yi yawa har na ɗauka fayil dabam na buga. Na kuma lura launi yana ɗan canjawa bayan bugu, shi ya sa yanzu sai washegari nake yanke hukunci, kuma a bakin taga, don ƙwan fitila mai rawaya yana ƙara wa komai ɗumi.

Babban abin da gwajin ya nuna ba na firinta ba ne. A takarda, ganyen sun fi ƙarfi fiye da yadda suke a allo, suna jan ido daga hoton, wato dai abin da na guda tun farko. Na rage ƙarfin leyar ganyen zuwa kashi 18 cikin ɗari a kan launi ɗaya mai laushi. A allo yanzu kamar babu komai. A takarda daidai ne, sai ka matso kake gane ganye ne.

Asabar, 4 ga Oktoba

Tsarin shafuka. Na yi ƙwarangwal guda biyar: hoto ɗaya babba, biyu a jere, uku da wurin rubutu, huɗu ƙanana, sai na taro mai faɗi. Tazarar da ke tsakanin hotuna iri ɗaya ce ko'ina, fiksel 60, wato kashi ɗaya bisa biyar na inci. Kowane gurbin hoto murabba'i ne mai toka a cikin rukunin leya, hoton yana hawa samansa a yanayin da ke tsare shi cikin iyakar abin da ke ƙasa. Ta haka ina iya matsar da hoto ko in ƙara girmansa a cikin gurbi ba tare da na yanke shi ba, in ban so ba in cire in sa wani.

Shafi biyu nake kallo tare, hagu da dama, don haka mai buɗe albam zai gan su. Idan na hagu ya cika, na dama sai ya samu sarari. Ina kuma kula da inda mutanen hoto ke fuskanta, wanda ke kallon dama ya zauna a hagu don idonsa ya shigo cikin albam. Gefen ɗauri na bar masa inci ɗaya cur.

Akwai jarabar cika kowane fili da ado, ɗan fure nan, ɗan kintinkiri can, tunda a kwamfuta ba ya ƙarewa. Shafin da ya fi yi mini kyau zuwa yanzu hoto ɗaya ne kawai na Inna tana budurwa, da shekara a ƙasa.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Shafi na 5 zuwa na 10 sun zauna. Babu matsala.

Asabar, 11 ga Oktoba

Rubutu. Salon haruffan da na zaɓa tun farko, mai kama da rubutun hannu, ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Manhajar ba ta yi ƙorafi ba, sai ta aro su daga wani salo, suka fito sirara a tsakiyar kalma, kuma ban kama ba sai a takarda. Yanzu kafin in ɗauki kowane salo ina rubuta layin gwaji mai ɗauke da su manya da ƙanana, in faɗaɗa in duba. Na tsaya a kan Charis SIL don bayani, Noto Sans don shekaru. Dukansu suna da haruffan, kuma lasisinsu ya yarda a yi amfani da su kyauta. Haruffa a girma na 11 suna karantuwa a takarda, amma saboda idon manya na kai su 13.

Rubutun Baba kuwa ya zama takardar bango ta uku. Na cire launin, na ja ma'aunin haske har takardar ta yi fari tas tawadar ta tsaya, na ɗora a yanayin haɗi na ninkawa, wanda fari ke ɓacewa a cikinsa duhu ya rage. Na bar shi da ƙarfi kaɗan a gefen shafi, inda ba zai shiga ƙarƙashin bayani ba.

Na kai wa Inna gwajin don ta faɗa mini sunayen da ban sani ba. Ta daɗe tana kallon shafin rubutun kafin ta kai ga hotunan, ta bi layi ɗaya da yatsa. Na ce, "Inna, kun gane wannan da ke tsaye a baya?" Ta gane shi, ta kuma gyara mini shekarar hotuna biyu da na jera a baibai. Gyaran ya sa shafi na 7 da na 8 sun canja wuri, ƙwarangwal ɗin nan ya sa abin bai ɗauki lokaci ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Hotunan da 'yan'uwa suka turo ta waya sun iso a matse. Wani fiksel 1280 ne a tsawonsa, wanda a ɗigo 300 inci huɗu da kwata ne kawai da ɗan ɗoriya. Na gwada faɗaɗa shi, fuskokin suka yi laushi kamar an shafe su. Na roƙi a sake turowa a matsayin fayil maimakon hoto, wasu sun zo da cikakken girmansu. Waɗanda asalinsu ya ɓata na sa su a ƙananan gurabe, kuma ban yarda wani ya sauka ƙasa da ɗigo 200 ba.

Inuwar ƙarƙashin hotuna na daidaita ta duka, haske daga sama ta hagu, gajeriya, launin ƙasa mai duhu maimakon baƙi. Doguwar inuwa tana sa hoto ya yi kamar yana shawagi. Takarda ta huɗu, mai launi da ke sauka daga haske zuwa duhu, ta nuna matakala a bugu, layi-layi a inda ya kamata ya narke. Ɗan yayyafin ɗigo da na zuba a kai ya ɓatar da su.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Shafi 20 sun kammala, saura huɗu da bangon albam. Takardun bango shida ne, uku daga ciki ne suka ɗauki yawancin aikin.

Abin da aikin ya ci zuwa yanzu: manhaja da haruffa ba su ci komai ba. Tawada ce ta fi tafiya, saitin launi ɗaya ya ƙare na buɗe na biyu, kuma yawancinta gwajin takardun bango ne ya sha, don shafi mai cike da launi ba ya barin fari ko kaɗan. Fakitin takarda mai kauri ya kusa ƙarewa. Tun da na koma buga ƙananan yankuna huɗu a takarda ɗaya, cin ya ragu sosai. Babban kashin kuɗin yana gaba, wato bugun maɗaba'a da albam ɗin kansa.

Na yi magana da maɗaba'ar. Sun ce in kawo a sRGB, tsarin launin da allo ya saba aiki da shi, su za su juya zuwa na injinsu, kuma sun turo mini fayil ɗin ICC, mai bayyana yadda launi ke fitowa a takardar da za su yi amfani da ita. Na sa shi a GIMP na kunna gwajin launi a allo, shuɗin takarda ta biyu ne kawai ya fita daga abin da injin zai iya, na rage masa kauri. Na tambaye su ko tawadarsu ta rini ce ko ta garin launi, don ta garin ta fi jure haske da shekaru, na kuma nemi takarda marar asid marar lignin, sinadarin itacen da ke sa jarida ta yi rawaya. Ledar shafi zan nemi ta folifurofilin, ba PVC ba, kada in mai da hotunan cikin irin abin da na ciro su daga ciki.

Mako mai zuwa: in gama shafi huɗun, in ba Yaya ta karanta duk rubutun da sabon ido, in fitar da komai a TIFF da rarar yankansa. Shafi biyu kawai zan fara aikawa, mafi duhu da mafi haske, sai na gan su a hannu kafin in ba da izinin buga sauran.